Sanar da Cututtuka Masu Yaɗuwa a Zangon Agoè

Zangon Agoè, wanda ya kafu a arewacin Lome bayan da hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birnin a 1977, yana bakin babbar hanyar da manyan motoci ke bi zuwa Burkina Faso da Nijar, saboda haka cutar da ta shigo da safe kan iya kwana a gidaje da dama. Wannan ne ya sa sanar da cuta, wato kai labarinta ga hukumar lafiya da zarar an yi zarginta, ya zama wajibi a unguwar.

Togo tana bin tsarin sa ido da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ware cututtuka irin su kwalara, ƙyanda, sanƙarau, shan inna da zazzaɓin shawara, ya kuma ɗora wa ma'aikacin asibiti alhakin sanar da gundumar lafiya cikin awa 24 ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Daga nan jami'ai kan ziyarci gidan marar lafiya, su ɗauki samfuri zuwa Cibiyar Tsabta ta Ƙasa da ke Lome, su rubuta sunayen waɗanda suka yi cuɗanya da shi, sannan su duba rijiya da masai, domin kwalara, wadda ta ɓulla a unguwar Katanga ta Lome a 2020, kan bayyana ne tsakanin 'yan awoyi zuwa kwana 5 bayan shan gurɓataccen ruwa.

Sai dai labari yakan makara tun kafin ya isa asibiti, domin mai amai da gudawa yakan fara da mai sayar da magani ko mai maganin gargajiya, idan kuma ya rasu sai a yi masa sutura a ranar, kamar yadda addini ya tanada, alhali gawar mai kwalara tana iya harbin masu wanka. Don haka limamai, sarakunan Zango, ungozomai da masu wankan gawa su ne idon farko na tsarin, kuma muddin iyali na ganin sanarwa a matsayin tonon asiri, jami'ai za su riƙa isowa ne bayan cutar ta tsallaka zuwa maƙwabta.