Chuckie na Rugrats: Tsoro Ne Ko Hankali?

A 1991 tashar Nickelodeon ta Amurka ta fara nuna Rugrats, shirin katun na jarirai da Arlene Klasky da Gábor Csupó da Paul Germain suka ƙirƙiro. Jagoran tawagar shi ne Tommy Pickles, ɗan shekara 1, wanda ke ɓoye sukundireba a cikin kunzugunsa don buɗe kejin wasansu. Amininsa Chuckie Finster kuwa, mai jan gashi da tabarau, shekararsa 2, kuma duk lokacin da aka shirya fita yawon ganin ƙwaf, shi ne mai ja da baya yana gargaɗi. Masu kallo da yawa kan ce ai shi ne mai hankalin cikinsu, tunda ya girme su.

Maganar tana da tushe. A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk na Jami'ar Cornell sun ɗora jarirai masu rarrafe a kan tebur na gilashi, wanda rabinsa ke nuna kamar rami mai zurfi. Uwaye suka tsaya a ɗaya gefen suna kira, amma mafi yawan jariran suka ƙi tsallakawa. Daga baya binciken Joseph Campos ya nuna cewa wannan ɗari-ɗarin ba ya bayyana sai yaro ya ɗan jima yana rarrafe. Wato akwai tsoron da ke zuwa tare da wayo: yaro ya fara hango abin da zai iya biyo baya. Ta wannan fuska, Chuckie ya sha gaban Tommy.

Sai dai a duba abubuwan da ke firgita shi: masu kwalliyar barkwanci, fon kashi, har da hoton mutumin da ke jikin kwalin hatsin karin kumallo. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To shi Chuckie babu macijin da ya sare shi. Tsoronsa bai san bambancin haɗari na gaske da na zuci ba, alhali wannan rarrabewar ita ce taka-tsantsan. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya nuna cewa wasu yara da halin noƙewa ake haifarsu. Mahaifin Chuckie, Chas, ga shi babban mutum, amma fargabarsa ba ta gaza ta ɗansa ba. Kuma yaron maraya ne, mahaifiyarsa ta rasu, kamar yadda shirin ya bayyana a 1997. Wannan kaɗai ya isa a tausaya masa.

A ganina, inda girman Chuckie yake fitowa shi ne inda jikinsa ke rawa amma ya ƙi barin abokansa su tafi su kaɗai. A fim ɗin Rugrats in Paris na shekarar 2000, shi ne ya tuƙa ƙaton mutum-mutumin wani dodo mai suna Reptar har cocin Notre Dame don hana mahaifinsa auren Coco, matar da ba ta ƙaunar yara. Tsoron na nan, amma ya auna shi da abin da ya fi shi nauyi.

Iyaye masu kallon irin wannan shiri tare da 'ya'yansu, kada ku yi wa yaro mai tsoro dariya, kada kuma ku yabe shi don ya ƙi motsi. Ku tambaye shi abin da yake gudu, ku taya shi tantance wanda zai cutar da shi da wanda ba zai yi masa komai ba.