Shin Ko Kun San? Kashin Yawo, Ciyawar Da Ke Bin Sawun Dabbobi

Shin ko kun san cewa kashin yawon nan da ke maƙale wa yara a ƙafar wando, idan sun ratsa fegi a Tumfure ko bayan Pantami a Gombe, baƙo ne a ƙasar nan? Asalinsa yankin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, ɓangaren duniyar da ya ba mu gyaɗa da rogo da masara. Su an kawo su da niyya, shi kuwa ba wanda ya gayyace shi. Yau ya cika Afirka, ya kai Indiya da Ostareliya.

Shin ko kun san cewa yana fure? Da yawa za su yi musu, don ƙayarsa kawai suka sani. A tsakiyar damina ku durƙusa ku duba inda reshe ya rabu biyu. A nan cikin tsagar za ku ga ɗan ƙullutu mai ruwan ɗorawa, bai kai ƙwayar wake ba. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya ne, a gaskiya taron ƙananan furanni ne a kai guda. Na gefe mata ne, su ke zama 'ya'ya. Na tsakiya kuwa aikinsu ba da garin barbara, daga nan sai su bushe. Shi ya sa in ya nuna 'ya'yan suke jeruwa a kewaye kamar tauraro, tsakiyar babu komai.

Wannan tsari na tara furanni a kai ɗaya shi ne alamar danginsa, kuma dangi ne babba, mai nau'i sama da 23,000 a duniya. Shuwaka 'yar gidan ce. Latas ma haka. Akwai kuma wata 'yar'uwar tazargade da ake nomawa a ƙasar Sin, wadda daga ganyenta Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yanzu, aikin da ya sa ta samu kyautar Nobel a 2015.

Shin ko kun san cewa duk rayuwarsa damina ɗaya ce? Ruwan farko na wajen watan Mayu ya taɓa ƙasa, ya tsiro. Kafin Agusta ya yi rassa, jikinsa duk gashi, ganye biyu-biyu suna fuskantar juna, tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙugu. Oktoba na ƙarewa, iskar hunturu ta taso, ya bushe ƙurmus. Uwar ta mutu ke nan, amma ta bar dubban 'ya'ya a ƙasa, kuma ba duka ne ke tsira a shekara mai zuwa ba. Wasu sai su yi kwance su jira wata daminar. Dalilin da ya sa manomi zai nome gona tas bana, baɗi ya sake ganinsa ke nan.

To, ga inda hikimar take. Ku ɗauki ƙwaya ɗaya ku ɗora a tafin hannu. Tsawonta bai wuce rabin santimita da ɗan ɗori ba, jikinta duk ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa a baki, sannan dogaye biyu a sama. Masu lanƙwasar nan su ke kama gashin tunkiya da jelar saniya da bakin zane. Dabba ta kwasa a makiyaya, a loda ta a mota zuwa tike, ta kakkaɓe a wani gari. Ku lura da inda ya fi yawa a cikin Gombe: bakin hanya, gefen juji, tsohon garke, filin da ake ɗaure raguna gab da Babbar Salla. Inda ƙafa ta yawaita, nan yake.

Kada a haɗa shi da ƙarangiya ko tsidau. Ƙarangiya dangin gero ce, tsidau kuma yaɗo yake yi a ƙasa, danginsa daban. Ƙaya ce kawai ta haɗa su.

Shin ko kun san cewa yawansa a makiyaya ba alheri ba ne? Shanu da awaki ba sa son sa, sai su cinye ciyawa mai daɗi su bar shi, shi kuma ya samu sarari ya mamaye. In kun ga fili ya koma kashin yawo zalla, kiwo ya yi wa wurin yawa. Garin da kwazazzabai ke cin unguwanninsa kamar Gombe bai kamata ya raina wannan alama ba, domin shi da rani bushewa yake yi ya bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya zo ya kwashe.

Manoman auduga, wadda Gombe ta daɗe da suna a kanta, sun san ɓarnarsa: ƙayar ta shiga kaɗa, tsinta ta yi wuya, daraja ta faɗi. Masu noman gyaɗa a Fulorida da Jojiya ta Amurka ma da shi suke fama.

Sai magani. Masu maganin gargajiya a Afirka ta Yamma suna dafa ganyensa don shawara da zazzaɓi. Amma a Sudan, a 1978, masana sun ciyar da awaki shi, suka ga ya lalata musu hanta da ƙoda. Don haka ba abin da za a yi ta ɗirka wa yaro ba ne, kuma mai shawara asibiti ya kamata ya fara zuwa.

Mai gona da mai fegi, ku tuge shi tun yana ɗanye, kafin ya yi ƙaya. Wanda ya riga ya nuna kuma a tara a ƙone, kada a zuba shi cikin takin da za a kai gona.