Awa 24 ɗin nan akwai "idan" a gabanta

Kullum ina jin matasa na cewa ɗan sanda ba ya da ikon tsare mutum ya wuce awa 24. To, sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da sharaɗi ya zo. Cewa ya yi a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40. In babu fa? Kwana biyu, ko fiye in kotu ta ga ya dace. Kotu fa na ce, ba DPO ba! Shi kuwa wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, wannan wa'adin bai shafe shi ba.