Magini Tsakanin Tsadar Siminti da Aljihun Mai Gida

Da sassafe ake ganin su a bakin titunan sababbin unguwannin Kano da Kaduna, birkiloli da leburori zaune rukuni-rukuni, wannan da shebur, wancan da diga da kwanon sarki, wani ya rungume cokalin gini, suna jiran mai neman ma'aikata. Wanda aka ɗauka ya samu na cefane. Wanda rana ta take ba a kira shi ba, sai ya tattara kayansa ya koma gida.

Sana'ar nan tana da asali mai daraja a ƙasar Hausa. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da tubali da azara, kuma har gobe masana gine-gine na zuwa kallon bakan-gizon da ya ɗaura. A wancan lokaci akwai Sarkin Magina, akwai gado, yaro kuma yakan shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa kafin a bar shi ya ɗora tubali. Bulo da rodi da kankare sun zo sun canza kayan aiki, suka kuma sassauta wannan tsari, har ya zama wanda ya yi 'yan watanni yana miƙa bulo sai ya sayi cokali ya ce shi ma birkila ne.

Abin da ya fi ci wa magina tuwo a ƙwarya yanzu shi ne tsadar kaya. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kuɗin tifar yashi da tsakuwa ya tashi, rodi ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge. Abin takaici, ana yin simintin nan a gida: Obajana a Kogi, Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe. Gine-gine da yawa suka tsaya a linta. Wanda ya karɓi aikin jinga da farashin jiya ya wayi gari kuɗin bai kai shi dakin ba.

A nan ne ake gwada magini. Mai gida zai ce, "Malam, a lallaɓa, buhu goman nan su isa." Mai buga bulo ya ƙara yashi don buhu ɗaya ya ba shi fiye da ƙima, sai ka ga bulo yana marmashewa tun a hannun lebura. Ɗan kwangila ya rage kaurin rodi, ya sa a cire katakon dakin tun kankare bai gama ƙwari ba. Magini ya san duk wannan ba daidai ba ne, amma in ya ƙi, akwai goma a bakin titi da za su karɓa. Ina ganin zalunci ne a ɗora masa laifin shi kaɗai, alhali shi ne mafi ƙarancin iko a wurin aikin. Sakamakon kuwa rayuka ne. Benen mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, akasarinsu ma'aikatan ginin. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗo wa ɗalibai a Jos suna cikin aji, 22 suka rasu.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai COREN mai rajistar injiniyoyi, akwai CORBON mai rajistar ƙwararrun magina, akwai kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Sai dai yawancin gidajen talakawa ana gina su ba injiniya, ba mai zane, daga mai gida sai birkilansa.

Aiki kam ba zai ƙare ba, domin jama'a na ƙaruwa, birane na faɗaɗa. Tambayar ita ce wa zai samu mai tsokar. A Abuja, manyan 'yan kwangila sukan ɗauko masu sa tayil da masu adon silin daga Togo da Benin, saboda sun yarda da tsaftar aikinsu, yaranmu kuma na can suna ɗaukar kankare a ka. Hukumar NBTE da ke Kaduna ta fito da tsarin gwada gwanintar mai sana'a a ba shi takardar shaida ko da bai yi boko mai zurfi ba. Ƙungiyoyin magina na jihohi ya kamata su riƙe wannan da hannu biyu, su kai yaransu a gwada su, su koya musu karanta zanen gini da lissafin kaya. Birkilan da ke da takarda, ƙungiya kuma na bayansa, shi ne zai iya duban mai gida ya ce buhu goma ba za su isa ba.