Sai An Ƙure Ƙara Ake Sanin Halin Lasifika

Duk wanda ya taɓa sayen kayan sauti na gida ya san yadda cinikin ke tafiya. Mai shago zai nuna maka kwali an rubuta wat 5000 da manyan baƙaƙe, a gefe an liƙa PMPO, ya sa maka waƙa ta minti ɗaya, ka biya ka ɗauka. Sai ran suna, da aka murɗa ƙarar har ƙarshe, muryar mawaƙi ta shaƙe, ganga ta koma kamar ana dukan kwali. Lambar PMPO ɗin nan ba ta da wata ƙa'idar awo da aka amince da ita, kowane kamfani da irin lissafinsa.

Awo na gaskiya da makirufo ake yin sa, amma ba na mawaƙa ba, ba kuma na wayar hannu ba. Waɗannan suna fifita wasu sautuka, su danne wasu. Makirufon awo, irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP, siriri ne, da kaɗan ya fi alƙalami kauri, kuma kowane ɗaya yana zuwa da fayil na kansa mai ɗauke da lambarsa, wanda ke gaya wa kwamfuta inda yake ƙari da inda yake ragi, don ta gyara. Ana haɗa shi da manhajar REW, wadda John Mulcahy ya rubuta kuma ake samunta kyauta. Manhajar tana tura wani sauti da ke tashi daga gurnani mai kauri na haz 20, ya yi ta sirancewa har haz 20,000, sannan ta zana layin abin da lasifikar ta fitar.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, awo ɗaya a ƙaramar murya ba ya wadatarwa. A kafa makirufo a tazarar mita 1, a auna a desibel 75, a sake a 85, a kuma sake a 95, sannan a ɗora layukan kan juna. Lasifika mai kyau, layukanta uku kamanninsu ɗaya. Mai rauni kuwa, layin sama zai lotsa, musamman wajen sauti mai kauri.

Dalili kuwa zafi ne da wahala. Ƙarin desibel 3 kacal yana cin ninkin wuta biyu, ƙarin 10 kuma ninki goma. Lasifikar da ke ba da desibel 87 da wat 1 tana buƙatar wat 10 ta kai 97, wat 100 ta kai 107. Yawancin wutar nan ba ta zama sauti, zafi take komawa a cikin naɗin wayar jan ƙarfe da ke tsakiyar maganaɗisu, wanda masu gyara ke kira kwayil. In zafinsa ya ƙaru da digiri 100, turjiyarsa ga wuta tana hawa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Kana ƙara murɗawa, lasifikar tana ƙara ƙin karɓa. Ga kuma faifan da ke kai-komo, wanda in ya kai iyakarsa sai ya fara haifar da sautukan da babu su a waƙar. Wannan ma manhajar tana nuna shi.

Ɗaki ma yana sa baki. Mai tsawon mita 5 yakan kumbura sauti wajen haz 34, don haka kada a ɗora wa lasifika laifin bango.

Sai dai aikin yana da haɗari, kuma ba na so a ɗauke shi da wasa. Sautin gwaji ba ya hutawa kamar waƙa, yana iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti cikin daƙiƙoƙi. A riƙa hawa mataki-mataki, a gajarta gwajin, a tsaya da zarar an ji karkarwa ko ƙaurin waya. Kunne kuwa ya fi komai tsada. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar awa 8 a desibel 85, kuma kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kawai a desibel 100. Kwayil in ya ƙone ana sake naɗa shi a kasuwa, amma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa.

Kafin ka danna maɓallin gwaji, fitar da yara daga ɗakin, ka sanar da maƙwabta, ka toshe kunnuwanka.