Jarrabawa da Kundin Ayyuka a Idon Masu Koyon Malanta: Misali Daga Goronyo

Tun lokacin da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai, masana ke muhawara a kan hanyar gane wanda ya iya koyarwa. Hanya ta farko ita ce jarrabawar ƙarshen zango. Ta biyu kuwa ita ce kundin ayyuka na kwamfuta, inda mai koyon malanta yake tara shirin darussansa, da bidiyon koyarwarsa, da ayyukan yaransa, da sharhin malamansa. A Amurka an fara tsarin edTPA, mai irin wannan kundi, a 2013.

Ɗalibin da ya fito daga Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, yake neman shaidar malanta ta NCE a Sakkwato, yana da dalilin riƙe jarrabawa. Ya san ta tun firamare, kuma a zaurenta kowa alƙalami da takarda yake riƙe, da ɗan birni da ɗan ƙauye. Kundi kuwa yana bukatar waya mai kyau, da wutar lantarki, da kuɗin intanet. Wanda aka tura aikin gwajin koyarwa wani ƙauye a fadamar Rima, tsoronsa shi ne kada a auna aljihunsa maimakon basirarsa.

Sai dai wannan ɗalibi ya san cewa haddace ka'idojin koyarwa daban, sarrafa aji mai cunkoso daban. Jarrabawa ba ta ganin na biyun, kundi kuwa yana nuna shi.

Abin lura shi ne, tushen kundi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatu a gaban malam, kuma ana ba da ijaza ne bayan malami ya daɗe yana lura da ɗalibinsa. Ashe ke nan jarrabawar zama ɗaya ce ta zo daga baya, tare da boko.

Saboda haka, abin da mai koyon malanta yake nema shi ne adalci. Idan kwaleji ta tanadi na'urori da wuta, ta kuma bayyana ma'aunin ba da maki tun farkon zango, babban dalilin ƙin kundi ya kau. In ba haka ba, ɗan Goronyo zai ci gaba da zaɓen jarrabawa, kuma ba za a ga laifinsa ba.