Aron Hannu a Kan Titi: Yadda Ake Yinsa Ba Tare da Haɗari Ba

Jama'a, tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Daga ranar, kowane direba hannunsa dama ne. Hannun hagu kuwa na mai tahowa ne daga gaba. Amma wani lokaci dole ta kan sa mutum ya shiga hagun na ɗan lokaci. Wannan shi ake kira aron hannu. Kamar kowane aro, akwai mai abin, kuma ba ya jira.

A yankinmu na Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi, gona na haɗe da gona, ƙauye na bin ƙauye. Titin ba na motoci ne kaɗai ba. Ga amalanken shanu, ga jaki da mangalar taki, ga mai keke da damin kara, ga yara za su makaranta. Da kaka wasu ma kan shanya amfanin gona a gefen kwalta. Duk waɗannan na sa direba ya kauce ya ari hannu. Laifin ba a kaucewar yake ba, a gaggawa yake.

Ga wani lissafi. A ce kana gudun kilomita 80 a awa, kana son wuce babbar mota mai gudun kilomita 60. Kafin ka fita, ka wuce ta, ka koma hannunka, za ka ci kamar daƙiƙa 10. A cikin wannan lokaci motarka ta yi tafiyar mita 220. Idan mai tahowa shi ma 80 yake yi, ya ci tasa mita 220. Ke nan kana bukatar fili fiye da mita 440, wato tsawon filin ƙwallo huɗu da ɗoriya. In idonka bai ga titi wayam har wannan nisa ba, zauna a hannunka.

Saboda haka akwai wuraren da ba a aron hannu ko kaɗan: a kan kwana, a kan gada, wajen hawan tudu, a mararraba, da tsakiyar gari ko kasuwa. Haka in hazo ya yi kauri ko ana ruwa mai ƙarfi. Dubi zanen da ke tsakiyar titi. In layin a yanke yake guntu-guntu, an yarda ka tsallaka idan hanya ta ba da. In kuwa a miƙe yake babu yankewa, an hana. A hanyar da babu zane, idonka da hankalinka su ne zanen.

To, yaya ake yi idan hanya ta ba da? Da farko kada ka manne wa motar gabanka. Ja baya kaɗan domin ka hango gaba sosai. Duba madubi, ka kuma ɗan waiga, don mai babur kan ɓuya a inda madubi ba ya nunawa. Kunna siginar hagu. Danna ham sau ɗaya don na gaba ya san da kai. Sannan ka fita ka wuce, ba tare da jan jiki ba. Kada ka koma dama sai ka ga gaban motar da ka wuce a cikin madubinka. In ka fita sai ka hangi mota tafe, rage gudu ka koma bayan wanda kake bi. Babu abin kunya a nan.

Wani kuskure da ya yi yawa shi ne bin sahu. Motar gaba ta fita, kai ma ka bi ta ido rufe. Ita ta ga filin da zai ishe ta, ba ta auna da kai ba. Haka nan in yaron babbar mota ya miƙo hannu ya ce ka wuce, ka gode masa, amma ka duba da idonka.

Dabbobi kuwa sai an yi musu uzuri. Sa da jaki ba su san sigina ba, kuma ham mai ƙarfi na firgita su. Rage gudu, ka ba su fili mai yawa. Idan rami ne ko lalatacciyar mota a hannunka, kai ne za ka tsaya har mai tahowa ya wuce, domin hannun nasa ne.

Wanda ake wucewa ma yana da nasa aiki. Ya tsare damansa, kada ya ƙara wuta don wai an raina motarsa. Fasinja kuma ya buɗe baki ya ce, "Direba, a yi a hankali," musamman ranar kasuwar Dambatta da motoci ke cike maƙil.

Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar wuce mota ta hanyar ganganci a matsayin laifi mai tara. Idan haɗari ya auku, lambar kiran gaggawa ta hukumar ita ce 122.